Kwale-kwalen Dufuna: ta yaya itace ya kwana shekara 8,000 a ƙasa, kuma wa ya ƙirga shekarun?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masana cikinmu. An ce kwale-kwalen da aka tono a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, ya haura shekara 8,000. To katakon rufin ɗaki ma idan gara ta same shi ba ya kai shekara goma. Ta yaya itace zai daɗe haka a binne? Sannan wannan 8,000 ɗin, aunawa aka yi ko ƙiyasi ne kawai?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Aunawa aka yi, Sagir. Amma amsar tambayarka ta farko tana cikin ƙasar wurin, don haka bari mu fara daga can. A watan Mayun 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin kusan mita 5. Lokacin ba a ƙirƙiri Yobe ba tukuna, yankin yana cikin Borno. Jami'ar Maiduguri ta fara bincikar wurin, sai a 1994 aka buɗe shi gaba ɗaya ƙarƙashin Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Maiduguri. Leburori 50 suka yi mako biyu suna kwashe ƙasa. Tsawon jirgin mita 8.4, faɗinsa rabin mita, kaurin jikinsa kusan santimita 5.

An tarar da shi kwance a kan rairayi, jiƙe sharkaf, samansa kuma yumɓu ne hawa-hawa. Yumɓun nan shi ne sirrin. Gara da funfuna, waɗanda su ne manyan masu cin itace, ba sa rayuwa inda babu iska. Yumɓu mai ruwa yana toshe iska kamar an liƙe bakin tulu. Abin da ya rage sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke iya zama ba iskar oksijin, su kuwa cinsu a hankali ne ƙwarai. Katakon ɗakinka yana jiƙewa da damina, ya bushe da rani, iska na shigarsa kullum. Wancan bai taɓa bushewa ba ko sau ɗaya.

Sagir: Na fahimci wannan. Saura ƙirgen shekarun.

Dakta Halima: Bari in ɗauki wannan, Malam Habu. Duk abu mai rai yana shigar da sinadarin kabon jikinsa, tsiro daga iska, dabba daga tsiro. A cikin kabon ɗin akwai wani ɗan mitsitsin kaso da ake kira kabon-14, wanda ba ya zama daram, lalacewa yake yi da kansa. Muddin bishiya tana raye tana mayar da gurbin wanda ya lalace. Ranar da aka sare ta shigowa ta tsaya, raguwa ta ci gaba. Saurin raguwar sananne ne: duk shekara 5,730 rabi ke tafiya. Bayan 11,460 saura kwata. Itacen da ya kai shekara 8,000 za ka tarar da kusan kashi 38 cikin ɗari na abin da ya fara da shi. Willard Libby ne ya fito da hanyar a ƙarshen shekarun 1940, ya samu kyautar Nobel a kanta a 1960.

An kai gutsuren itacen Dufuna ɗakunan gwaji biyu daban-daban. Ɗaya ya ba da shekara 7,264 da ƙari ko ragin 55, ɗayan ya ba da 7,670 da ƙari ko ragin 110.

Auwalu: Dakta, a nan fa nake da ja. Ke da bakinki kin ce 7,264 da 7,670. Babu wanda ya kai 8,000 a cikinsu. Kuma tsakaninsu akwai shekara 400. Idan ma'auni biyu suka auna buhu ɗaya suka saɓa haka, ai mai saye zai ce ɗaya na da matsala.

Dakta Halima: Tambayoyi biyu ne, kuma duka suna kan hanya. Ta farko: waɗancan lambobi ba shekarun kalanda ba ne, ɗanyen lissafin kabon ne. Lissafin yana ɗauka cewa yawan kabon-14 a iska bai taɓa canzawa ba, alhali ya sha hawa da sauka. Shi ya sa ake gyara shi. Ana ɗaukar tsofaffin itatuwan da aka ƙirga zobban cikinsu ɗaya bayan ɗaya, zobe ɗaya shekara ɗaya, a auna kabon ɗin kowanne, a san ɗanyen lissafi kaza ya yi daidai da shekara kaza ta gaskiya. Jadawalin da ake aiki da shi yanzu shi ne IntCal20. A wancan zamanin ɗanyen lissafi yana gaza gaskiya da kusan shekara 800. Idan aka gyara, 7,264 yana faɗawa wajen shekara ta 6100 kafin haihuwar Annabi Isa, 7,670 kuma wajen 6500. Ka ƙara 2,000 da 'yan kai da muke ciki, ka ga 8,100 zuwa 8,500.

Wani abin da ke rikita mutane: idan masana suka rubuta shekaru kaza "kafin yanzu", yanzun nasu 1950 ce, ba bana ba.

Malam Habu: Game da saɓanin 400 kuwa, Auwalu, ka tuna bishiya ba rana ɗaya take girma ba. Tsakiyar gungume ita ce ta fara fitowa, kuma daga lokacin da kowane zobe ya ginu ya daina karɓar sabon kabon. Idan ka ɗebi samfur daga tsakiya, shekarun ƙuruciyar bishiyar ka auna. Idan daga kusa da ɓawo ne, ka kusanci ranar sara. Gungumen da zai ba da jirgi mai mita 8 ba ƙaramar bishiya ba ce. Itacen dangin maɗaci ne.

Dakta Halima: Malam, na yarda wannan yana taka rawa, amma ban yarda shi kaɗai zai cike 400 ba. Jirgin faɗinsa rabin mita ne. Maɗaci mai wannan kauri ba ya buƙatar ƙarni huɗu, bishiya ce mai saurin girma idan ta samu ruwa. Dole a sa gurɓata a lissafi. Itacen da ya kwana cikin ruwan ƙasa yana tsotsar sinadaran ruɓaɓɓun ganyaye da saiwoyi na baya-bayan nan, su kuma suna ɗauke da sabon kabon. Kashi ɗaya cikin ɗari na sabon kabon yana rage wa samfur irin wannan kusan shekara 130. A samfurin da ya kai 40,000, wannan kashi ɗayan zai dawo da shi wajen 33,000. Don haka ake wanke samfur sau uku kafin a auna: asid ya narkar da ƙasar farar alli, soda mai kaifi ya fitar da dattin ruɓaɓɓun tsirrai, sai a sake asid don korar iskar da sodan ya jawo. Ɗakin gwaji biyu, wanki biyu, gutsure biyu, ba mamaki a samu tazara.

Abin da ya kamata Auwalu ya riƙe shi ne: ko ka ɗauki ƙaramar lambar, jirgin ya haura 8,000. Ya girmi manyan dalar Masar na Giza da fiye da shekara 3,500.

Auwalu: Na gamsu da wannan. Amma ana cewa shi ne mafi tsufa a duniya, haka ne?

Malam Habu: A'a, a Afirka ne ya fi kowanne tsufa cikin waɗanda aka samu. Na Pesse da aka tono a Holand a 1955 ya girme shi, yana kusan shekara 10,000, sai dai tsawonsa mita 3 ne kacal. Abin da ya ɗauki hankalin Breunig a na Dufuna shi ne kyan sassaƙa. Goshi da gindi duka an fiƙe su sun yi tsini, jiki siriri daidai wa daida. Kuma babu ƙarfe a lokacin, babu gizago irin na masassaƙanmu, da gatarin dutse aka yi. Wanda ya iya rage gungume zuwa kaurin santimita 5 a tsawon mita 8 bai huda shi ba, ba ɗan koyo ba ne, gado ya tarar.

Malama Rabi: Kada a manta da ruwan da jirgin ya yi yawo a kai. Wanda ya san Fune a yau zai yi mamaki. A wancan zamani tafkin Chadi ya kai girman kusan murabba'in kilomita 350,000, alhali a shekarun 1960 da ake kiransa babba bai wuce 25,000 ba. Tsohon gaɓarsa har yanzu tana nan, ita ce doguwar tudun rairayin da ta ratsa ta Bama da Maiduguri. Koguna irin Komadugu Gana suna malala cikinsa cike da ruwa. A Konduga, kan wannan tudun, an samu tsingaron tukwane masu shekara wajen 7,000.

Isufu Agadas: Malama ta taɓo inda ya shafe mu a Nijar. Can cikin Tenere akwai Gobero, inda ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya yi kiciɓis da maƙabarta a shekarar 2000, suna neman ƙasusuwan dainaso, dabbobin zamanin da da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. Kaburbura kusan 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Mutanen farko sun zauna daga wajen 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun yi zamani da masu jirgin Dufuna. An samu kawunan mashi na ƙashi masu ƙayoyi, da ƙugiyoyi, da ƙasusuwan giwan ruwa, da kada, da dorina. Sai fari ya kore su, wurin ya zauna ba kowa kusan shekara dubu, wasu mutanen daban suka zo wajen 5200 suka zauna har 2500. Cikin na biyun ne aka samu kabarin mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe, da ƙurar furanni a ƙarƙashinsu.

Abin lura ga masu awo: a can ba a iya auna ƙashi yadda aka saba ba. Abin da ake cirowa daga ƙashi a auna shi ne kolajin, sinadarin furotin da ke cikin ƙashi, zafin hamada kuwa yana cinye shi. Sai aka koma ga farin ɓawon haƙori, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum.

Sagir: To su ƙasusuwan dainaso ɗin, da kabon ɗin ake auna su?

Isufu Agadas: Ko kaɗan. Kabon-14 iyakarsa wajen shekara 50,000, bayan nan abin da ya rage bai kai a auna ba. Dainason nan Nigersaurus da aka samu a Gadufawa ta Nijar, mai haƙora sama da 500, shekarunsa kusan miliyan 110. Ƙashinsa ma ya riga ya zama dutse. Irin waɗannan ba ƙashin ake aunawa ba, shimfiɗar dutsen da yake ciki ake yi wa shekaru. Inda aka yi sa'a akwai tokar aman wuta a sama ko a ƙasa, sai a auna sinadarin yuraniyom ko na agon da ke cikinta. Inda babu, sai a kwatanta halittun shimfiɗar da na wani wuri da aka riga aka san shekarunsa. Ƙoƙon kan Tumai, wata tsohuwar halitta mai kama da mutum, da aka samu a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, da farko da ƙasusuwan dabbobin da ke gefensa aka ƙiyasta shi, daga baya aka auna sinadarin beriliyom na ƙasar wurin, ya ba da kusan miliyan 7.

Ɗauko su ma aiki ne na daban. Ƙashin da ya daɗe a rana yana kama da biskit. Ana share samansa da burushi, a ɗiga masa ruwan gam na Paraloid B-72 da aka narkar cikin asiton, siriri, kashi 5 zuwa 10, don ya shige ciki. A haƙa rami kewaye da shi har ya tsaya kan ƙasa kamar a kan turmi. A rufe shi da jiƙaƙƙiyar takarda, sannan a yayyanka buhun algarara a tsoma cikin filasta a nannaɗe. Idan ya bushe a yanke ƙasan, a kifa shi da sauri, a rufe ɗaya gefen. Kurakurai biyu ne suka fi yawa: a zuba filasta kai tsaye kan ƙashi ba takarda, ya manne har abada, ko a kifa kafin filastan ya kama leɓen ƙasa, komai ya zube ta gindi.

Injiniya Lawan: Mu dawo kan itace, domin akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ne ya fi hatsari. Sagir ya ce jirgin bai ruɓe ba. A ido ne bai ruɓe ba. Bakteriyar da Malam Habu ya ambata sun cinye mafi yawan naman itacen daga ciki, sun bar saƙar da ke riƙe da siffarsa, ruwa ya cike gurbin. Ruwan ne yake tallafe da shi. Irin wannan itace za ka danna shi da farce ya lotsa kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ka bar shi a rana, ruwan yana fita yana jawo bangon ƙwayoyin ciki suna rufta wa juna. Ya tsage, ya karkace, ya motse, kuma ko ka mayar da shi ruwa ba zai dawo ba. Abin da ƙasa ta riƙe shekara 8,000, hunturu ɗaya ya isa ya gama da shi.

Shi ya sa ba a ɗauke shi a 1994 ba. Sai a 1998 aka ciro shi aka kai Damaturu don a yi masa magani. Maganin da aka fi sani shi ne PEG, wani sinadari mai kama da kakin zuma da ke narkewa a ruwa. Manufar ita ce ya maye gurbin ruwan a hankali. Ana farawa da mai ƙananan ƙwayoyi, lamba 200 ko 400, wanda ke shiga cikin bangon itacen. Sannan mai manya, lamba 4000, wanda ke cike ramuka ya daskare. Ana farawa da kashi 5 zuwa 10 cikin ruwa, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Idan ka zuba mai kauri tun farko, zai zuƙe ruwan itacen da sauri fiye da yadda shi yake shiga, itacen ya motse a cikin kwaramin maganin kansa. Idan kauri ya yi yawa kuma sai an riƙa ɗumama shi wajen digiri 60, in ba haka ba ya daskare.

Ba aikin wata ɗaya ba ne. Jirgin Vasa na Suwidin da ya nutse a 1628 aka ciro a 1961, shekara 17 ana fesa masa PEG. Mary Rose na Ingila, daga 1994 har 2013.

Auwalu: Injiniya, wannan ai sai masu kuɗi. Babu mai sauƙi?

Injiniya Lawan: Tsadar gaskiya ce. Kwarami mai tsawon mita 9, faɗi 1, zurfi 1, lita 9,000 yake ci. Ko rabi ka ce PEG ne, ka shiga tan huɗu da wani abu. Akwai hanyar sukari, irin na shayi. Ana ƙara shi a hankali har ruwan ya kai kashi 60 zuwa 70, kuma yana hana motsewa sosai. Matsalarsa a ƙasa mai zafi ita ce ruwan yana tsami cikin kwanaki idan ba a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba, bayan an gama kuma ga tururuwa da gara suna jira. Da damina yana tsotsar laima ya yi danƙo. Don ƙananan abubuwa kamar muciya ko ƙotar gatari yana yi. Don jirgi mai mita 8 sai an tabbatar da ɗakin ajiya tukuna.

Dakta Halima: Ƙari kan maganar Injiniya: a ciri samfurin awo kafin a sa kowane magani. PEG daga man fetur ake yinsa, kabon ɗinsa ya mutu tuntuni, babu kabon-14 a ciki. Kashi ɗaya cikin ɗari na irinsa yana ƙara wa samfur shekara 80 na ƙarya, kashi biyar ya ƙara 400. Haka baƙin mai da kananzir da mutanenmu ke shafa wa katako don gara. Mutum zai yi da kyakkyawar niyya, ya lalata awon.

Malama Rabi: Tunda magina rijiya da masu haƙar yashi da masu bulo su ne suka fi cin karo da irin waɗannan, ga abin da ya kamata a gaya musu. A tsaya da haƙa nan take. Kada a ja abin, kada a wanke shi, kada a sare gefe don a ga ko mene ne. A ɗauki hoto yana inda yake, a ajiye wani abu da aka san tsawonsa a gefe, ko da cebur ne. A auna zurfi daga bakin rami, a lura da launin ƙasar sama da ta ƙasa. Idan itace ne jiƙaƙƙe a mayar masa da lakar da aka cire, a rufe da leda, a yi masa inuwa. Sai a sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai magana gidan tarihi mafi kusa. A Najeriya dokar 1979 ta hukumar gidajen tarihi ta hana tono ba izini, ta kuma hana sayar da kayan tarihi ga wanda hukuma ba ta amince da shi ba.

Dalilin dagewa kan hoto da zurfi, ku dubi Nok a kudancin Kaduna. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara fito da mutum-mutumin yumɓu, daga baya masu tonon sata suka rarake ɗaruruwan wurare. Kan da aka fizge daga rami aka sayar, iyakar abin da za a yi masa shi ne a huda shi a ɗebi gari kaɗan a auna hasken da yumɓu ke tarawa tun ranar da aka gasa shi. Wannan awon kuskurensa yana kai kashi 20 cikin ɗari idan babu ƙasar wurin, kuma masu jabu sun iya haɗa sabon gunki da tsofaffin gutsattsari. Amma da masu binciken Frankfurt suka fara tono a tsanake daga 2005, ƙonannun ƙwayoyin gero da suka tace daga ƙasar ramuka su suka nuna al'adar ta faro tun wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan kuma daga wajen 900. Ƙwayar gero damina ɗaya ta rayu, ba ta da matsalar tsohon gungume da Malam Habu ya bayyana. Har kakin zuma aka gano a jikin tsingaron tukwanensu. Duk wannan yana cikin ƙasar da mai tonon sata ke watsarwa.

Sagir: Allah ya saka da alheri, malamai. Tambaya ta ƙarshe ga Injiniya: bayan an gama maganin PEG ɗin, shi ke nan an huta?

Injiniya Lawan: Ba a huta ba, ɗan'uwa. Bayan an fito da shi daga kwarami sai a busar da shi a hankali, ana rage laimar ɗakin mataki-mataki, ana auna faɗin tsagu da aka yi wa alama. Daga nan yana son laima tsayayya, wajen kashi 50 zuwa 55, dare da rana. A Damaturu da hunturu laimar iska tana sauka ƙasa da 20, a watan Agusta ta haura 70. Idan ta yi yawa PEG yana tsotsar ruwa ya fara tsatstsafowa, idan ta yi kaɗan itacen ya tsage. Ana kuma duba fari ko rawayan gishiri a jikinsa, domin itacen da ya daɗe a laka yakan tara farar wuta, idan ta haɗu da iska da tsatsar ƙarfe sai ta koma asid. A shekarar 2000 aka ga haka a jikin Vasa. Don haka kada a tallafe shi da ƙarfe mai tsatsa, a yi masa gado mai bin siffar cikinsa tun daga goshi har gindi, a rataye ma'aunin laima a ɗakin, a riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma.